Babba ko ƙarama? Abin da yasa masu tara 'yartsanar BJD basa gajiya da maganar girma

Duk inda masu tara 'yartsanar nan da ake cewa BJD, wato ball-jointed doll, 'yartsana mai gaɓoɓin ƙwallo, suka haɗu, kafin ma a tambayi sunanta ko kamfanin da ya ƙera ta, tambayar farko itace wane girma ce. Sai kaji wannan yace tawa SD ce, wato babba, wancan yace ni MSD, wato matsakaiciya, kawai nake tarawa, wata kuma tace ita kam ta sallama manya tun ranar da ta yini da ɗaya a jaka kafaɗarta ta kwana tana zogi. Wanda yake waje zai ce toh miye na dogon zance, wani na son babba wani na son ƙarama, ai kowa da kiwon da ya karɓe shi. Haka ne, amma a wannan harkar girman da ka zaɓa shi yake yanke maka kuɗin da zaka kashe da wajen da zaka ajiye da irin ɗinkin da zaka iya da ko zaka iya fita da ita waje ko a'a, kuma abin da yafi rikita sabon shiga shine lambobin da ake kiran girman da su ɗin ma kansu basa faɗin gaskiya duka.

Bari na fara da ita kanta 'yartsanar don kar wani ya ɗauka 'yar robar yara ce ta kasuwa. Ita wannan da wani abu ake zuba ta mai suna rezin, in ya daskare yayi tauri yayi nauyi kaman tangaran amma ba tangaran bane, kuma gunduwa-gunduwa ake yinta, kai daban, ƙirji daban, cinya, ƙauri, damtse, tafin hannu, kowanne cikinsa da rami. A kowace gaɓa akwai ɗan dunƙule kaman ƙwallo da yake zama cikin gurbi, sai a zura igiyar roba mai kauri ta ratsa cikin jikin tun daga wuya har ƙafa ta ɗaure komai, shi yasa take iya zama ta tanƙwashe ƙafa ta ɗaga hannu ta karkata kai. Ƙoƙon kan ana buɗe shi ta baya a canza ido, gashin kuma hula ce ake cirewa a saka wata, fuskar ma da hannu ake zana ta, in ka gaji da ita ka goge ka sake. Dabarar gaɓa mai ƙwallo tsohuwa ce, masu yin 'yartsanar tangaran a Jamus da Faransa sun yi amfani da ita tun ƙarshen ƙarni na 19, sannan wani mai fasaha Bajamushe Hans Bellmer yayi nasa a shekarun 1930 wanda hotunansu suka shiga ran masu fasahar Japan daga baya. Amma harkar da ake yi yau ta tarawa da siya da sayarwa, a 1999 ta fara, lokacin da kamfanin Volks na birnin Kyoto ya fitar da Super Dollfie, tsawonta kusan santimita 57. Daga baya Koriya ta Kudu ta shigo da su Luts, Fairyland, Iplehouse, Soom, Dollshe, sai Chaina da su Dollzone, Doll Chateau, Ringdoll da sauransu.

Toh tunda Volks ne suka fara, sunayensu ne suka zama ma'auni ko da ba kayansu bane, kaman yadda muke ce ma kowane garin wanki Omo. SD, gajartar Super Dollfie ɗin nan, itace babba, wajen santimita 55 zuwa 65, ana kuma ce mata 1/3. MSD, wato Mini Super Dollfie, itace matsakaiciya, wajen santimita 40 zuwa 45, wato 1/4, Volks sun fitar da tasu a 2001. Yo-SD itace ƙarama mai kusan santimita 26, wato 1/6, ta fito a 2004, kuma wannan "yo" ɗin a Japananci ƙuruciya yake nufi. Sama da SD akwai dogayen nan na santimita 68 zuwa 75, yawanci maza masu faɗin kafaɗa, 'yan Chaina suna kiransu da kalmar "shu" wato ƙanin uba, baffa kenan a wajenmu, kuma wallahi in ka gansu tsaye kusa da sauran sunan ya dace. Ƙasa da Yo-SD kuma akwai 'yan firit na santimita 16 irinsu Lati Yellow da Pukifee, akwai na 11 ko 10 da zaka rufe a tafin hannu.

Ga inda gizo yake saƙar. Idan kace 1/3 ma'anarsa in ka ninka tsawonta sau uku zaka samu tsawon mutum, 60 sau 3 ya bada 180, yayi daidai. 44 sau 4 ya bada 176, shima kaman yayi. Amma MSD ɗin Volks ta asali ba babban mutum aka ƙanƙanta zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ba, a'a, yarinya ce, ƙanwar SD ce, an yi ta ne ta tsaya gefen babbar a ga ya da ƙanwa, kumatu a cike, ƙafa a daskare, kai babba. Haka Yo-SD, ƙaramin yaro ne ɗan shekara uku ko huɗu a duniyar SD. Kaga kenan a haƙiƙa su ukun duk ma'auni ɗaya ne, shekaru ne suka bambanta, lambar 1/4 da 1/6 ɗin tsawo kawai take nunawa. Sai daga baya aka samu masu ƙera matsakaiciya mai jikin baliga, siririya mai ƙugu da ƙaramin kai, Unoa ta Gentaro Araki tana cikin na farko-farko, sai Minifee ta Fairyland da ta cika duniya, waɗannan sune 1/4 na gaske. Shi yasa zaka ga 'yartsana biyu duk santimita 42 amma rigar ɗaya bata shiga ɗaya, ɗaya yarinya ce 'yar firamare ɗaya budurwa ce, in ka jera su kuma sai abin ya zama wani bambaraƙwai. A 1/6 abin ma yafi muni, don Barbie ma 1/6 ce, tsawonta kusan santimita 29, amma ka ajiye ta kusa da Yo-SD, kan Yo-SD ɗin kaɗai ya kusa kai faɗin kafaɗunta.

Don haka in mai tarawa yace maka yana son 1/4, bai gama magana ba, sai ka tambaye shi wace iri. Kuma da yawa daga cikin waɗanda suke cewa ni bana son ƙanana, in ka bi diddigi ba ƙanƙantar suka tsana ba, fuskar jarirai ce basa so, ranar da suka ga ƙarama mai siffar babba sai kaga sun zura hannu a aljihu.

Wani abin dariya kuma, tsawo da santimita ake aunawa, ido da milimita, hular gashi kuma da inci, a jiki ɗaya fa. SD yawanci hula 8 zuwa 9 take sakawa, MSD 7 zuwa 8, Yo-SD 6 zuwa 7, ka duba fa, wadda bata kai rabin tsawon babbar ba amma kanta inci biyu kawai ya rage. Shi kuma baffa mai santimita 70 sau da yawa kansa bai fi na SD mai 58 ba, idonsa ma yafi ƙanƙanta, 12 ko 14 a inda ita take saka 16 ko 18, saboda shi so ake yayi kama da mutum na gaske, ita kuma ta ɗan yi kama da zanen katun ɗin Japan.

Sai maganar nauyi, wadda hoto baya nunawa kuma ita tafi sa mutane nadama. Abu in ka ninka tsawonsa biyu ba nauyinsa biyu yake zama ba, a lissafi sau takwas ne, don faɗi da kauri ma sun ninku. Tunda cikinsu da rami lissafin baya fita cif, amma dai Yo-SD bata wuce 'yan ɗaruruwan giram, MSD ta kan kai rabin kilo zuwa ƙasa da kilo, SD kilo ɗaya da wani abu zuwa biyu, su baffa masu ƙwanji kuma har su haura haka. Kilo biyu a baki ba komai bane, mudun shinkafa ma ya kusa haka, amma wannan mudun yana da hannu da ƙafa masu lilo da yatsu masu karyewa da hanci da in ya daki ƙasa fentin ya tafi, kuma dole ka riƙe shi da hannu biyu kaman jinjiri.

Ka taɓa ganin ana canza ma babba igiyar robar cikinta? Don robar tana saki da daɗewa, 'yartsanar ta fara langaɓewa bata tsayuwa. Zama mutum yake yi a ƙasa ya shimfiɗa tawul, ya cire kan, ya zura igiyar takalmi cikin madaukin robar, ya dafe gangar jikin da gwiwa ko tafin ƙafa sannan ya ja da iya ƙarfinsa har robar ta leƙo ta wuya, a nan ne zai yi sauri ya saƙala 'yar ƙugiyar nan mai siffar S, in ta kuɓuce kuwa sai kaji ɗas, robar ta koma ciki, a sake daga farko, in kuma fatar yatsanka ta shiga tsakanin gwiwa da cinya lokacin da suka haɗe toh ranar zaka san rezin ba roba bace. Masu ciwon hannu ko 'yan mata marasa ƙarfin damtse da yawa sai sun nemi wanda zai riƙe musu. Ita ƙaramar ba ja take buƙata ba, ido take buƙata da haƙuri. Ka ɗauki ido mai milimita 8 da matsefata, ka manna shi da ɗan danƙo a cikin kan da bai fi ƙwan kaza ba, ka juyo ka duba, ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma, ka sake, ka sake, ana cikin haka tafin hannunta da wasu kamfanonin suke maƙalawa da maganaɗisu ya fice ya gangara ƙarƙashin kujera, sai a kunna fitilar waya a duƙa. Kowanne da irin wahalarsa, kuma mutane sun fi zaɓar wahalar da jikinsu zai iya ɗauka fiye da kyan da idonsu ya gani.

Kuɗi kuma akwai wani ruɗi a ciki. Eh babba tafi tsada, ɗaruruwan daloli ce tsirararta ba ido ba gashi ba kaya, waɗanda ake fitarwa 'yan ƙalilan da cikakkiyar shiga kuma suna iya haura dala 1000, shi yasa yawancin kamfanoni da dillalai suke yarda a biya kaɗan-kaɗan tsawon watanni, sannan bayan ka gama biya ka zauna jiran a zuba maka taka, don yawanci sai an yi oda ake yi. Amma ƙarama bata sauka daidai da ƙanƙantarta, mai rabin tsawo kuɗinta baya sauka zuwa kashi ɗaya cikin takwas kaman yadda nauyi yake yi a lissafi, saboda sassaƙa da yin mazubi da gogewa da zana fuska duk aikin hannu ne, kuma ƙarami ma yafi cin ido. Inda babba take cinye mutum da gaske shine bayan siya. Takalminta, hular gashinta, rigarta, jakar ɗaukarta, komai yafi tsada, ga kuɗin aikowa, don kamfanonin jigila ta jirgi basa duba nauyi kaɗai, girman kwali ma suna aunawa, su ninka tsawo da faɗi da tudu a santimita yawanci su raba da 5000, abin da ya fito su ɗauke shi a matsayin kilo. Ka ɗauka kwalin baffa 75 da 25 da 20 ne, ya zama kilo 7.5 kenan a takarda ko da abin da ke ciki bai kai 3 ba, kwalin ƙarama mai 30 da 15 da 12 kuwa da ƙyar ya wuce kilo 1. Amma fa su ƙananan suna da nasu tarkon, tunda kowace ɗaya bata da zafin fitarwa sai mutum yayi ta cewa ɗaya dai, ɗaya dai, kafin ya farga ya tara goma sha, kuɗin manya uku sun tafi.

Ni a ganina abin da yafi raba mutane shine me suke yi da ita bayan ta iso. Mai ɗinki misali, yawanci manya yake so, kuma duk telan da ya taɓa ɗinka ma jariri riga zai gane dalili. Yadi baya ƙanƙancewa don 'yartsana ta ƙanƙance, zaren saƙarsa da kaurinsa suna nan yadda suke, yadin da yake zuba lumui a jikin mutum in ka ɗinka ma mai santimita 60 zai ɗan yi tauri amma zai wuce, in ka ɗinka ma mai 16 sai ya tsaya ƙiƙam kaman an naɗe ta da darduma. Dole ka nemi mafi siranta, kalmasa ta koma milimita biyu ko uku, hannun riga sai da tsinke ake juyo shi, maɓalli na gaske ya zama kaman faranti a ƙirjinta, zanen atamfa mai manyan furanni kuwa fure ɗaya ya cinye rigar duka. A babba kana iya saka aljihu na gaske da zif da shafi a ciki, keken ɗinki ma yana karɓa ba tare da ya haɗiye ƙyallen ba. Mai zanen fuska shima haka, fuskar SD tana da filin da zaka ja gashin gira ɗaya bayan ɗaya ka saka ɗigon tawadar Allah da jijiyoyin fatar ido, a ƙarama kuskuren rabin milimita ya isa ya maida murmushi harara.

Mai son gina ɗaki da kayan ɗaki kuma labarinsa ya juye. A 1/6 duniya a buɗe take, kujerun Barbie da kayan Blythe, wata 'yartsana mai ƙaton kai, da na sojojin roba masu inci 12 duk suna yi, a 1/12 kuma ka faɗa cikin ma'aunin da masu ƙananan gidajen wasa suka daɗe suna amfani da shi, tukunya, fitila, littafi, kofin shayi, komai akwai a shirye, ɗaki guda zai zauna a saman kantar ajiya ɗaya. Amma ka ce zaka yi ma baffa gado, gadon kaɗai ya kusa santimita 80, in ka ƙara kujera da tebur da bango ai ka ba shi kusurwar ɗakinka kenan ba haya. Su 1/4 a nan marayu ne, kayan 1/6 sun yi musu kaɗan na 1/3 sun yi musu yawa, sai dai kayi da kanka ko kayi ta dubawa cikin kayan ado na gida ko zaka dace.

Masu hoto sun kasu biyu. Babba in ka tsayar da ita a waje ciyawa da ganye da matakala basa tona mata asiri sosai, in aka iya kusurwa sai ka rantse mutum ce, amma sai ka ɗauko ta, ka tsayar da ita a ƙasa mara daidai, iska ta kaɗa ka yi tsalle ka tare, ga jama'a sun tsaya kallo. Ƙarama a jakar hannu take tafiya, ka fito da ita a wajen shan shayi ka ɗauka ka mayar ba wanda ya lura, sai dai ciyawa ta kai mata wuya. Kuma dukansu rana maƙiyiyarsu ce, rezin yana komawa ruwan ɗorawa da daɗewa, hasken rana da zafi suna ƙara masa sauri.

Akwai kuma abin da masu manya suke faɗa wanda ba'a auna shi da santimita, wai ita babba tana da kwarjini, in ka shigo ɗaki ka ganta zaune kaman da mutum a wajen. Ban ɗauki wannan a matsayin shirme ba, don ita harkar tun asali haka aka gina ta, 'yan Japan basa cewa sun siyo, cewa suke sun tarbo ta, "omukae", Volks ma har da wani gida suke da shi a unguwar Arashiyama ta Kyoto mai suna Tenshi no Sato inda ake ɗan bikin tarbar, 'yan Chaina kuma cewa suke suna rainonta. Wanda yake neman wannan jin, mai santimita 11 bazata bashi ba komai kyanta. Sai dai wannan kwarjinin shi yake korar wasu, musamman mutanen gida, uwa ko miji da zasu haƙura da 'yan ƙanana a cikin gilas amma su ce wannan mai kallon mutane a fitar da ita daga falo.

Shi yasa MSD ta zama wajen da ake yawan tura sabon shiga, wai tsaka-tsaki ce, tana da girman da zaka ɗinka mata ka zana mata, bata da nauyin da zai hana ka fita da ita, kuɗinta da sauƙi. Shawara ce mai kyau, ni ma in aka tsare ni nan zan nuna, amma tana da illa ɗaya da ba'a cika faɗa ba, wanda ransa yake kan babba in ya sayi matsakaiciya don sauƙi ba daina son babbar yake ba, ƙarshe ya sayi biyu, ko ya sayar da ta farkon da asara. Sannan da zarar ka fara da girma ɗaya ka ɗaure kanka, don hulunan gashi da idanu da takalman da ka tara na wannan girman ne, duk wadda ta shigo irinta zata gaji kayan 'yar uwarta kyauta, wadda ta zo da wani girma kuma komai sai an sake daga tushe. Da yawa masu cewa ni SD zalla ko ni 1/6 zalla ba aƙida bace, akwatin kayan ne yake musu hukunci.

Kuma ra'ayin baya zama waje ɗaya. Mutum yana ɗalibi a ɗaki ɗaya ya fara da ƙanana, ya samu aiki da fili ya koma manya, ya ƙaura sau biyu ya ga yadda kwalaye goma masu tsawon rabin mutum suke cika mota sai ya fara ragewa. A 'yan shekarun nan ma kamfanonin Chaina sun cika kasuwa da wasu 'yan ƙanana na 1/12 da 1/8 da ake sayarwa a rufaffen kwali baka san wacce zaka samu ba sai ka buɗe, na roba ne ba rezin ba, kuɗinsu kaɗan, har tsofaffin hannu suna ta musu kan ko za'a kira su BJD ko a'a. Musun nan bai hana su siya ba dai, zaka ga mutum yana cewa waɗannan ai kayan wasa ne, ka leƙa kantarsa ka tarar da ɗaya zaune a cinyar baffa an saka mata hula.